Anubiyas, 'Yar'uwar Gwaza da Kainuwa: Asalinta da Yadda Za a Rene Ta a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi



Shukar da zan yi bayani a kanta yau ba a cin ta, ba a kaɗa zare da ita, ba kuma a auna ta a buhu a kai kasuwar Dandume. Sunanta Anubiyas. Ana renonta ne a cikin akwatin gilashi, irin wanda akan cika da ruwa a saki ƙananan kifaye don ƙawa, kamar yadda akan gani a wasu ofisoshi da masaukan baƙi da ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, mutanen da suka gaji noman auduga da dawa da masara, me zai kai su ga ciyawar da ke shekara ba ta fid da ganye ashirin ba? To, da farko dai shukar tamu ce, 'yar Afirka ta Yamma, ko da yake yau an fi saninta a Jamus da Japan fiye da nan gida. Sa'an nan kuma akwai abin mamaki game da ita, watau kusan duk abin da noma ya koya wa ɗan Funtuwa ko ɗan Malumfashi, na binne iri da neman rana da zuba taki, shi ne ke kashe ta. Wanda ya gane dalilin haka ya gane wani babban sashe na ilmin tsirrai.

Masana sun kasa tsirrai dangi-dangi, kuma fure suke dubawa kafin ganye in za su ce wannan ɗan'uwan wancan ne. Wanda ya taɓa ganin furen gwaza ya san siffarsa: wani ɗan sanda ne mai ɗauke da ƙananan furanni a manne, da wani ganye guda da ya lulluɓe shi kamar mayafi. In kuka ɗauki kainuwa daga kududdufi kuka buɗa tsakiyar ganyenta, za ku tarar da irin wannan fure, sai dai ƙarami ƙwarai. Anubiyas ma haka nata yake, fari, har ma takan fid da shi a ƙarƙashin ruwa. Ashe ke nan ukun nan 'yan gida ɗaya ne. Amma dubi yadda halinsu ya saɓa. Kainuwa, wadda Bahaushe ya yi wa kirari da dashen Allah, takan rufe fuskar kududdufi cikin 'yan makonni in ta sami rana da ruwa mai dauɗa. Gwaza yana ba da abinci cikin watanni. Ita kuwa Anubiyas, in ta ji daɗin zama, ganye ɗaya take fitarwa a wata, wani lokaci ma sai ta wuce wata.

Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Wilhelm Schott, mai kula da lambunan sarki a birnin Viyana, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1857. Ya aro sunan daga Anubis, wani abin bauta na Misirawan dauri da suke dangantawa da kabari da duhu, saboda shukar mai son inuwa ce. Nau'in da aka fi reno a duniya kuwa, wanda ake kira barteri, sunan Charles Barter ya ci. Shi Barter ma'aikacin lambu ne Bature wanda ya biyo Dokta William Baikie a tafiyarsa ta Kogin Kwara a 1857 don ya tattara tsirrai. Jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba a cikin wannan shekara ya lalace, suka daɗe a bakin kogi suna jiran ɗauki, Barter kuwa bai fasa aikinsa ba. Ya rasu a Raba, a ƙasar Nufe, cikin 1859. Shukar da ya tsinto a tsibirin Fanando Po, wanda yau ake kira Biyoko, ita ce Schott ya sa wa sunansa a 1860. Baikie, wanda ya koyi Hausa, ya ci gaba da zama a Lokoja, har ya kai Kano a 1862. Daga baya, a 1899, wani masani Bajamushe, Adolf Engler, ya bayyana wata 'yar ƙarama daga bakin tekun Kamaru, wajen garin da yau ake kira Limbe, ya kira ta nana, watau wada. Ganyenta bai cika wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ita ce aka fi samu wurin masu sayar da kifin ƙawa. A 1979 wani ɗan Holan, Wim Crusio, ya sake bin jinsin kaf, ya tsayar da nau'i 8, waɗanda ke warwatse daga Senegal har zuwa Angola da Kwango.

Yanzu sai mu tambaya, me ya sa take da wannan jinkiri? Amsar tana mazauninta. Anubiyas 'yar kurmi ce. A kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Gabon ana samunta a gefen ƙoramu, manne da duwatsu da saiwoyin itatuwa da kututturan da suka faɗi, ƙarƙashin manyan itatuwan da suka haɗe sama. Hasken da ke isa ƙasa a irin wannan kurmi bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken rana ba. Da damina ruwa yakan taso ya shanye ta, ya yi ta dukanta da yashi da tsakuwa. Da rani ya janye ya bar ta a fili cikin iska mai laima. Kun sani ganye shi ne maɗafar shuka, inda take haɗa haske da ruwa da iskar kabon ta yi abincinta. To, a nan haske kaɗan ne. In kuma tana cikin ruwa, iskar kabon ma wuyar samu gare ta, gama tafiyar wannan iska a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari jinkiri kamar sau 10,000. Shukar da abin shigarta ya ƙaranta haka ba ta da halin yin ganye mai arha ta yar ta sake wani. Sai ta yi tattali, ta gina ganye mai kauri da tauri kamar fata, wanda ruwa ba ya yagawa, ƙwari ba sa sha'awa, ya kuma yi shekaru yana aiki kafin ya mutu. Kamar magidanci ne mai ƙaramin albashi da ya gwammace ya tara kuɗi ya ɗinka riga ɗaya mai ƙwari. Wannan hali a jininta yake. Ko an kawo ta inda haske da abinci suka wadata, ɗan abin da za ta ƙara na sauri kaɗan ne.

Ku gwama wannan da masara. Dattawa a cikinku sun san lokacin da masara take abin bayan gida, a gasa ko a dafa da ɗanyenta, dawa da gero su ne abinci. Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da na Gusau da na Gombe, shi ya baza ingantaccen iri da takin zamani, har masara ta zama amfanin gona na buhu dubbai. Masara shuka ce da aka halitta don rana tsaka: a ba ta haske da kamfa da yuriya, cikin kwana 90 zuwa 120 ta kai mutum tsawo ta yi goyo ta bushe. Darasin da manomi ya ɗauka daga nan gaskiya ne a gonarsa, watau in ka ƙara, za a ƙara maka. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa haka kowace shuka take.

Bari mu fara da dashe, don a nan ne mafi yawan masu reno ke yin hasara tun makon farko. In kun riƙe Anubiyas a hannu za ku ga sassa uku: ganyaye, da saiwoyi farare ko kore, da kuma wani kara mai kauri da ke kwance a tsakaninsu, kamar na citta, wanda ganye ke fita ta samansa, saiwa ta ƙarƙashinsa. Hannun manomi da ya ga wannan kwantaccen kara, abin da zai fara yi shi ne ya tona yashi ya turbuɗe shi, kamar yadda ake yi wa gwaza ko rogo. To, na citta da gwaza an yi su don zaman cikin ƙasa. Na Anubiyas an yi shi don ya kwanta a kan dutse ruwa yana wucewa ta kansa. Yana numfashi, kuma a cikin yashin da ruwa ya cika iskar oksijin ba ta da yawa. In aka binne shi sai ya yi laushi, ya yi wari, ganyaye su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya alhali suna kore shar, mai shi yana mamaki. Abin da ake yi shi ne a ɗora karan a kan dutse ko guntun itace, a ɗaure shi da zaren ɗinki sako-sako, yadda ba zai shige jikinsa ba. Cikin wata ɗaya ko biyu saiwoyin za su kama dutsen da kansu, kamun da sai da ƙarfi za a raba su, sa'an nan a yanke zaren ko a bar shi ya ruɓe. In ana so a sa ta a ƙasan akwati, saiwoyin kaɗai za a tura cikin tsakuwa, karan ya zauna a sama ana ganinsa.

Dutse kuwa Allah ya hore mana. Duwatsun ƙasar Funtuwa da Bakori da Malumfashi mafi yawansu irin masu tauri ne da ba sa narkewa a ruwa, saɓanin farar ƙasa irin ta Kalambaina da ake siminti da ita a Sakkwato, wadda ke sa ruwa ya yi nauyi. In ana shakka, a ɗiga wa dutsen ruwan lemun tsami. In ya yi 'yar kumfa a ajiye shi. Itace shi ke son lura. A nemi busasshe sarai, mai tauri, a ɓare ɓawon, a jiƙa shi makonni ana sake ruwa har ya daina rina shi, ya kuma nutse da kansa. A guji aduwa, gama an daɗe da sanin cewa ɓawonta da 'ya'yanta suna kashe kifi, kamar yadda masunta suka san magimfa.

Sai maganar haske, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Mai reno yakan ga shukarsa ta yi wata ba ta motsa ba, sai ya ce rana take so, ya ja akwatin bakin taga. Bayan mako biyu sai ganyen ya fara yin ɗigo-ɗigo kore masu tauri, ko gefensa ya yi baƙin gashi kamar gemu. Wannan gansakuka ce. Ita ma tsiro ce, ƙwayoyinta suna cikin kowane ruwa, kuma saurin yaɗuwarta irin na kainuwa ne ko fiye. Duk hasken da Anubiyas ta kasa amfani da shi, gansakuka ce ke cinyewa. Shuka mai saurin girma takan tsere mata, domin kafin gansakuka ta kafu a kan ganye an yi sabo an zubar da tsohon. Ganyen Anubiyas kuwa yana nan shekara da shekaru, ya zama mata kamar dutsen zama. In ta rufe shi, ta tare masa ɗan hasken da yake buƙata, sai shukar ta mutu da yunwa a tsakiyar wadata. Saboda haka kada rana ta taɓa akwatin kai tsaye. Hasken ɗaki mai taga ya kusa isa. In za a ƙara, 'yar fitilar sola mai farin haske ta awa 6 zuwa 8 a yini ta wadatar. A nan ma akwai wata fa'ida gare mu: ɗauke wutar lantarki da ke halaka sauran tsirran akwati masu son haske da injin iska bai cika damun Anubiyas ba. Takan jure kwanaki cikin duhu-duhu ba ta nuna komai ba. In gansakuka ta riga ta kama, a rage haske, a murza ganyen a hankali da yatsa, wanda ya ɓaci ƙwarai a yanke shi daga gindi.

Taki ma haka. In akwai kifi a akwatin, kashinsu da ragowar abincinsu sun ishe ta. Ƙwayar yuriya ko kamfa da za a jefa da kyakkyawar niyya takan zama guba ga kifi, ta zama biki ga gansakuka. In sababbin ganyaye suka riƙa fitowa fari-fari ko rawaya, alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, sai a nemi takin ruwa da aka yi musamman don akwatin kifi, a sa ƙasa da abin da aka rubuta a kwalbar.

Game da ruwa, Anubiyas ba ta da tsirfa. Tana zama a ruwa mai ɗan tsami da wanda ba shi da shi, mai nauyi da marar nauyi. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya yi, ruwan sama da aka tara bayan rufin ya wanku ya yi. Na famfo a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu sinadarin kulorin ya fice. A riƙa ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin duk mako ko mako biyu ana maye shi da sabo, kada a juye duka a wanke da sabulu kamar kwanon abinci. Wani haɗari da ya keɓanta da ƙasar noma irin tamu shi ne maganin feshi. Bokitin da aka taɓa dama maganin ƙwarin auduga ko na wake a cikinsa, ko an ɗauraye shi sau goma, kada ya kusanci akwatin. Shukar za ta iya tsira, kifin ba zai kwana ba. Haka nan maganin sauro na fesawa a ɗaki. A rufe akwatin kafin a fesa.

Ruwan madatsa fa? Ga Mairuwa kusa da Funtuwa, ga madatsar Malumfashi, ga ƙananan tafkuna birjik, kuma daga wannan tudu ne ma Gulbin Sakkwato ya faro. Kowa zai ga kamar ruwan da kifi ke rayuwa a ciki shi ya fi dacewa. Ina ba da shawarar a yi hattara, saboda da damina ruwan nan yana ɗauke da takin da ya wanko daga gonaki, sa'an nan akwai abin da ya fi wannan muni. A shekarun 1970 an gudanar da wani babban bincike kan cututtukan da suka zaunu a ƙasar Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da masana daga Ingila, kuma tsargiya tana cikin manyan abubuwan da aka bi diddigi, har da yadda ƙananan katantanwa ke yaɗuwa bayan an gina madatsa. Ƙwan tsutsar tsargiya yana fita cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin katantanwa, daga nan dubban 'ya'ya su fito su huda fatar duk wanda ya taɓa ruwan. Katantanwa ɗaya mai ɗauke da cutar, in ta biyo ciyawa ko dutse ta shiga akwatin da ke falo, za ta yi makonni tana zubar da su, yara kuma suna tsoma hannu. Su 'ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu da rai in ba su sami mutum ba, don haka ruwan da aka tace aka ajiye kwana uku ba katantanwa a ciki ya kuɓuta. Dutse da tsakuwar rafi kuwa a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya su a rana. Wasu sukan so su ɗora kainuwa a saman akwati don ta yi wa Anubiyas inuwa, dabarar kuma tana aiki, amma a wanke ta sosai a ware ta makonni tukuna, domin ban da katantanwa akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa tana shaƙar iska daga cikinta.

Zafi da sanyi su ne jarrabawar da yanayinmu ke yi mata. Tana son ruwa mai digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, watau yanayin kurmi da ba ya sauyawa sosai. Mu kuwa muna da bazara da hunturu. A watan Maris da Afrilu ɗakin kwano marar silin yakan ɗauki zafin da zai kai ruwa sama da 32, ganye ya fara narkewa. A sa akwatin inda ake ajiye randa, a ƙasa-ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, a ɗaga murfin, in da fanka a bar iska ta riƙa shafar fuskar ruwan. Hikimar randa ce dai, ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. A Disamba da Janairu kuwa dare yakan yi sanyin da zai tsayar da girmanta cak, sai a rufe akwatin saboda ƙura, a lulluɓa masa bargo da dare. Babban akwati ya fi ƙarami jure wannan hawa da sauka, shi ya sa na lita 60 ya fi na lita 10 sauƙin reno, ko da yake mai farawa yakan zaci akasin haka.

Kifi ba sai na daɗe a kansu ba. Karfasa tana cin ciyawa, amma takan ƙyale Anubiyas saboda taurin ganyen da kuma 'yan allurai na wani gishiri da ke cikinsa, irin waɗanda ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Tarwaɗa ta cika girma da tone-tone. Ƙananan kifaye irin su gofi sun fi dacewa, suna kuma cinye tsutsar sauro. Duk abin da ya yi yawa a akwati, kifi ko tsiro, kada a zubar da shi a rafi ko madatsa. Baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure da ta toshe hanyoyin ruwan Legas tun 1984 asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a matsayin abin ƙawa ta fara yawo a duniya.

Saura yadda ake yawaita ta. In kwantaccen karan ya yi tsawo ya tara ganye kamar 8 ko 10, sai a sa sabuwar reza a raba shi, kowane yanki da ganye 3 ko 4 da 'yan saiwoyinsa, a ɗaure kowanne a nasa dutsen. Tsohon yankin zai tsiro da sabon kai daga gefe. Manyan gidajen renon tsirrai na Turai da Asiya, irin su Tropica na ƙasar Denmak da aka kafa a 1970, da na Singafo da Tailan, ba a cikin ruwa suke renon mafi yawanta ba. Sun lura da abin da take yi da rani a kurmi, sai suke ajiye saiwar a jiƙe, ganyen a sarari cikin ɗaki mai laima, inda iskar kabon ta wadata, gansakuka kuma ba ta da wurin zama. A haka ta fi sauri. Wasu kuma a ɗakin gwaji suke tsirar da dubbai daga ɗan ƙanƙanen yanki a cikin kwalabe. Daga can ake sayar da ita ko'ina a duniya, alhali kakanninta suna nan a ƙoramun ƙasashenmu. A ganina wannan aiki bai fi ƙarfin sashen nazarin tsirrai na kowace jami'a ko kwalejin aikin gona tamu ba, kuma ya fi a riƙa ɓamɓaro ta daga duwatsun kurmi, inda abin da aka kwashe a yini ɗaya sai ya daɗe bai dawo ba.

Ɗalibin da ke son gwadawa ba ya buƙatar fiye da robar fenti mai haske ko babbar kwalba mai faɗin baki. Ya shimfiɗa tsakuwa, ya zuba ruwa iya tsakuwar, ya kwantar da yankin Anubiyas a kai, ya rufe da farar leda, ya ajiye a inuwa inda haske ke shiga. Ledar nan ita ce ran abin, musamman da hunturu, gama busasshiyar iskarmu takan ƙone ganyen cikin awa kaɗan in aka bar shi a buɗe. Ya riƙa buɗewa sau biyu a mako iska ta shiga, ya yayyafa ruwa. Ya ajiye wani yankin mai ganye daidai da wannan a nutse cikin akwati, ya sami littafi ya riƙa rubuta ranar da kowane sabon ganye ya buɗe a nan da can. Wanda ya fara a watan Yuni, lokacin da ake shukar masara, zai iya kawo mana lissafinsa na farko bayan an gama ɗibar auduga.